Waƙoƙin Ɗanƙwairo Suna Nan, Sana'ar da Ta Haife Su Fa?

Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun ya rasu a watan Satumba na 1991, yana da shekara 80 da 'yan kai. A lokacin babu wata jiha mai suna Zamfara. Sai a 1996 aka yanke ta daga Sakkwato. Ke nan mutumin da Bazamfare ke fara ambata in ya tashi tutiya da abin da ƙasarsa ta bai wa Hausa, bai taɓa jin an kira Gusau babban birnin jiha ba. Akasarin masu sauraronsa a waya yau, ba a ma haife su ba ranar da aka kai shi makwancinsa.

Su ma waɗanda ya waƙe, akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello sojoji suka kashe shi ran 15 ga Janairun 1966. Sarkin Daura Muhammadu Bashar ya rasu a 2007, Sarkin Kano Ado Bayero a 2014. Kuma sanin kowa ne waƙar yabo ba ta cika daɗewa bayan mai ita ba. Ɗan siyasar da aka cika gari da waƙarsa a zaɓen da ya wuce, yau ko a gidansa ba a sa ta. Amma shiga tashar mota a Gusau ko Talatar Mafara da sassafe, da wuya ka gama shan shayi ba ka ji kotson Ɗanƙwairo na tashi daga wata rumfa ba. Direban da bai taɓa taka ƙofar fada ba yana bin amshin tiryan-tiryan, yana kaɗa kai, alhali sarkin da ake yabo bai san da zamansa a duniya ba.

Wannan ɗorewa ce ta sa mutane suka kwantar da hankalinsu, ana cewa ai gadon Ɗanƙwairo ba ya mutuwa. Ni kuwa ina ganin akwai buƙatar a rarrabe. Abu biyu marigayin ya bari. Akwai waƙoƙin da aka naɗa, akwai kuma sana'ar da ta haife su. Waƙoƙin suna nan daram, har sun fi yaɗuwa yanzu a kan lokacin da yake raye. Sana'ar ce ke ƙarewa, kuma yawan jin muryarsa ko'ina shi ke sa ba mu lura ba.

An haife shi a Ɗankadu ta ƙasar Bakura wajen 1909. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, kuma kiɗan noma ne tushen gidan kafin a shiga kiɗan sarauta a Maradun. Duk mai son gane Ɗanƙwairo, daga nan ya kamata ya fara. Makaɗin noma ba ya zama a inuwa. Ranar gayya yana biye da manoma daga wannan bakin gona zuwa wancan, idonsa a kan wanda ya fara sanyi. Da ya gan shi sai ya kama sunansa, ya ambaci ubansa da kakansa da irin damman da suka ɗaure a zamaninsu, har mutum ya ji gara ya faɗi da a bar shi baya. Waƙa ce da ake ganin sakamakonta nan take. In ta yi, hauya ta ƙara sauri, ƙura ta tashi. In ba ta yi ba, kowa ya gani, ba mai rufa maka asiri. Yaron da ya tashi a wannan makaranta ya san yabo ba zaƙin baki kawai ba ne, dabara ce ta taɓa zuciyar mutum har ya yi abin da da can bai yi niyya ba. Da wannan ilimi Musa ya shiga fada.

Bai kuma shiga a matsayin jagora ba. Bayan mahaifinsu, yayansa Abdu Kurna ne ya riƙe kiɗan gidan, Musa yana daudun kiɗi, wato na biyu a ƙungiya. Ya sha amshi shekara da shekaru kafin ya ja waƙa da kansa. Ko sunan da duniya ta san shi da shi a cikin ƙungiyar aka raɗa masa: akwai wani mai zaƙin murya cikin yaran mahaifinsa da ake kira Ƙwairo, da aka ji muryar Musa ta ɗauko tasa sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo, sunan ya bi shi har kabari.

Ba kuma shi kaɗai ƙasar ta fitar ba. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, ya yi zamansa da Sarkin Gobir na Isa Amadu. Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, asalinsa Rawayya. Sa'idu Faru daga ƙasar Maradun ɗin nan ya fito, ya shahara da waƙoƙin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo. Can yamma ga Aliyu Ɗandawo tsakanin Argungu da Yawuri. Mutum zai iya tambaya, me ya sa wannan yanki ya tara manyan makaɗan fada haka? Ba ruwan sha ba ne, tsarin sarauta ne. A tsohon Lardin Sakkwato kusan kowane babban gari yana da fada mai cin gashin kanta wajen alfarma, ko da tana ƙarƙashin Sarkin Musulmi: Sarkin Kayan Maradun, Sarkin Burmin Bakura, Sarkin Katsinan Gusau, 'Yandoton Tsafe, Banagan Maru, Sarkin Kiyawan Ƙaura, Sarkin Zamfaran Anka, Sarkin Zamfaran Zurmi. Kowanne yana da tarihin gidansa da yake son a ji, kowanne yana da makaɗinsa. In aka haɗu a Sakkwato wani taro, sarakuna na gasar dawaki da rawuna, makaɗansu na gasar waƙa. Wanda makaɗinsa ya gaza, ya ji kunya a gaban tsaransa. Yawan fadodin nan da kishin da ke tsakaninsu su suka wasa waɗannan mutane har suka yi kaifi.

Sai mu dubi yadda waƙar kanta ke samuwa, domin a nan ne mai sauraro a waya ya fi yin nisa da gaskiyar abin.

Kotso ba kalangu ba ne. Fuska ɗaya gare shi, gindinsa a buɗe, ana rataye shi a kafaɗa, kuma da yatsu ake kaɗa shi, ba da makaɗi na icce ba. A tsakiyar fatar ana liƙa wani danƙo da ake kira nake domin muryar ta yi zurfi, sannan mai kiɗa yana matsa tsirkiyoyin yana sassautawa, sautin na hawa yana sauka yana bin karin maganar Hausa. Kayan sarauta ne. A da ba a kaɗa wa kowa shi. Kuma a ƙungiyar makaɗan fada, masu kaɗa kotson su ne 'yan amshi. Hannu na aiki, baki na aiki, kunne na wajen jagora.

Wanda ya saba da waƙar kalangu, inda jagora ke zuba baiti 'yan amshi su maimaita gindin waƙa su jira shi, in ya natsu ya saurari Ɗanƙwairo zai ji wani abu dabam. Jagora yakan ɗauko ɗan waƙa, wato baiti, ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari mai tsawo wanda ya fi abin da jagoran ya furta, sannan su sauka kan gindi tare kamar baki ɗaya ne. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna. Ana shirya waƙar tun a gida, a yi ta bita, wannan ya kawo kalma, wancan ya ce ba ta hau kiɗan ba, a canza. Sai ta nuna ake kai ta gaban sarki. Ga kuma sanƙira a gefe yana kirari, yana fito da abin da waƙa ta dunƙule, yana shelar kyautar da aka yi. Saboda haka abin da muke kira waƙar Ɗanƙwairo, a haƙiƙa aikin mutane ne da yawa waɗanda suka shekara da shekaru suna ci a akushi ɗaya, suna tafiya tare, har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ja numfashi. Shi ne kai, ba musu; hikimar tsara magana da muryar da ke ratsa taro nasa ne. Amma cire waɗannan mutane daga bayansa, rabin abin da ke sa tsigar jikinka tashi ya tafi.

To me ke cikin waƙar da har talaka ya riƙe ta?

Wasu na ɗauka waƙar fada roƙo ce kawai da aka yi wa ado. Akwai roƙo a ciki, ba a ɓoye shi ba. Makaɗi zai faɗi doki, ya faɗi riga, ya faɗi wanda ya ba shi da wanda ya yi alkawari bai cika ba. Amma ba shi ne ƙashin bayanta ba. Makaɗin fada ma'ajin tarihi ne. Dole ya san nasabar ubangidansa, wa ya haifi wa, wane ne ya yi zamani da Shehu ko Bello, wane gari aka ci da yaƙi, wane ne aka yi sulhu da shi. In ya yi kuskure a nasaba a gaban dattawan fada, ya zubar da mutuncinsa. Sannan akwai zambo da habaici, waɗanda ake yi wa 'yan sarkin da suka nemi gadon suka rasa, ko masu yi wa sarki zagon ƙasa. Ba a kama suna. A siffanta mutum da tafiyarsa ko rowarsa ko wata dabba, duk wanda ke fada ya san da wa ake, wanda ake yi da shi kuma ba shi da bakin kai ƙara. Siyasar cikin gida ce ake yi da kiɗa.

Abin da ya fi waɗannan duka, a ganina, shi ne siffar shugaba da waƙar ke zanawa. In makaɗi ya tsaya a bainar jama'a ya ce ubangidansa mai haƙuri ne, ba ya cin amana, ba ya tsoro, ba ya barin baƙo da yunwa, ba labari kawai yake bayarwa ba. Bashi yake ɗora masa. An faɗa a gaban kowa, sai ka cika ko ka ji kunya. Dabarar makaɗin noma ce aka kawo fada: a yabe ka da abin da ake so ka zama. Shi ya sa direban tasha ke jin waƙar Sarkin Daura ta shige shi. Ba Muhammadu Bashar yake tunawa ba, domin bai san shi ba. Yana jin yadda ya kamata babba ya kasance, a cikin Hausar da ta fi kowace daɗi a kunnensa, a daidai lokacin da yake ganin manyan zamaninsa ba su kai nan ba. Sunan sarkin ya zama mazubi kawai. Abin da ke ciki na kowa ne.

Wannan bai hana a faɗi ɗaya ɓangaren ba. Ɗanƙwairo makaɗin masu mulki ne, kuma a Jamhuriya ta Farko makaɗin Sardauna ne, wato yana gefen jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa. Sardauna ya san ƙasar Zamfara ciki da bai, domin tun 1938 aka tura shi Gusau yana duba gundumomin gabashin Sakkwato, kuma ya san abin da kotso ke yi wa zuciyar mutanen nan. Da ya jawo Ɗanƙwairo jikinsa, ya san abin da yake yi. A wancan zamani akwai talakawan da suka sha wuyar haraji da jangali da sandar 'yan doka, akwai 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU da aka ɗaure saboda ra'ayinsu. Su ba su ji waƙoƙin nan yadda muke jin su yau ba. A kunnensu muryar waɗanda suka danne su ce. Duk wanda ke ƙaunar Ɗanƙwairo da gaske bai kamata ya share wannan ba. Abin lura dai shi ne, jikokin 'yan Sawaba (NEPU) da jikokin 'yan Salama (NPC) yau tare suke sauraronsa. Rigimar ta mutu da masu ita, gwanintar ta saura.

Zamansa da Sardauna ya zo daidai da wani abu da ya sauya komai. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna, ƙananan akwatunan rediyo masu batir kuma suka fara shiga ƙauyuka. Waƙar da a da sai wanda ya je ƙofar fada ranar salla zai ji ta, sai ga ta a Adamawa da Ilori da Maraɗi. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, saboda haka kaɗan daga aikinsa na'ura ta kama. Ɗanƙwairo kuwa Allah ya ba shi tsawon rai ya ratsa zamanin faifan garmaho da na rediyo da na kaset. Bayan rasuwar Sardauna bai ajiye kotso ba. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu waƙar da har gobe in an ambaci Tsafe ita ke fara zuwa bakin mutane, ya zaga fadodin Daura da Kano da sauransu, ya waƙe attajirai, bai kuma yar da waƙar noma da ya gada ba. Kusan shekara 30 na'ura na biye da shi. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa ya fi tsaransa zama a kunnen na baya, ba fifikon hikima kaɗai ba.

Amma tun yana raye ƙasar da sana'ar ke tsaye a kai ta fara zaizayewa. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, wato hukumomin gargajiya da sarakuna ke shugabanta. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba sarakuna da baitulmali. Makaɗin fada kuwa da ubangidansa yake rayuwa: shi ke ba shi gona da hatsi da sutura da doki, shi ke yi wa yaransa aure, wani har kujerar Makka. Sarkin da ya koma ɗan albashi, ga fadawa ga baƙi ga 'yan'uwa, ina zai iya ɗaukar ƙungiyar mutum goma da iyalansu shekara da shekaru domin su zauna suna bitar waƙa? Ɗanƙwairo ya tsira domin sunansa ya riga ya yi girman da kowace fada ke maraba da shi. Waɗanda suka biyo baya ba su sami wannan gatan ba.

Sai situdiyo ta zo ta sauya lissafin gaba ɗaya. Yau mutum ɗaya da mai fiyano za su shiga ɗaki da safe, kafin la'asar waƙa ta fito, gobe tana kowace waya. Ba na raina masu wannan. A cikinsu akwai masu basira, kuma da yawansu daga rijiyar su Ɗanƙwairo suke ɗiban kalmomin sarauta da salon kirari. Sai dai wanda zai biya kuɗi ya ga wannan ya fi sauƙi da sauri, kuma ba sai ya ciyar da kowa bayan an gama ba.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Bahaushe na son waƙa, amma bai ɗauki makaɗi a bakin komai ba. Mutumin da zai yi kuka in ya ji Ɗanƙwairo, shi ne zai murtuke fuska in jikan makaɗi ya zo neman 'yarsa, ya ce gidan roƙo ne. Da wa'azi a kan kiɗa ya ƙara ƙarfi daga ƙarshen shekarun 1970, sannan aka fara aiki da shari'a a Zamfara a 2000, sai nauyin ya ƙaru a kan 'ya'yan gidajen kiɗa. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin kiɗa tun ba yau ba, kuma ba ni ne zan raba wannan gardama ba. Abin da na gani dai shi ne sakamakon: yaro ya tashi a gidan da aka gaji kotso kaka da kakanni, ya ga abin ba kuɗi, ba daraja, ga zargi, sai ya kama acaba ko tireda. Wa zai ga laifinsa?

Na ƙarshe kuma mafi ciwo shi ne halin da ƙasar ke ciki. Maradun, Bakura, Tsafe, Zurmi, Shinkafi: sunayen da a da in an ambata sai ka tuna makaɗa da sarakuna, yau a labaran hare-hare da satar mutane ake jin su. Sama da shekara 10 ke nan ana cikin wannan. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a jihar, aka dakatar da kasuwannin mako. Kiɗan gargajiya kuwa abin tafiya ne. Makaɗi na bin bukukuwa da naɗe-naɗe da kasuwanni gari gari, yana kwana inda dare ya yi masa. In hanya ba ta biyuwa, in ana ɗaura aure a gaggauce a watse kafin magariba, in manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa balle a yi gayya da kiɗa, to makarantar da ta yaye Ɗanƙwairo an rufe ta ke nan, ba tare da wani ya ba da sanarwa ba.

Na ga wannan da idona a wani naɗin sarauta. An kafa rumfuna, an jera manyan lasifikoki, janareto na ruri, kuma muryar da ke fita daga lasifikokin ta Ɗanƙwairo ce. Jama'a na ta murna, ana jinjina. Can gefe ƙarƙashin wata dogonyaro ga wasu dattawa uku da kotsunansu a kafaɗa, rigunansu sun sha wanki har sun koɗe. Da sabon basaraken ya fito suka matsa kusa da dokinsa suka fara kaɗawa. Ina ganin yatsunsu na motsi, jijiyoyin wuyansu sun tashi, amma ba na jin komai sai lasifika. Wani bafade ya liƙa wa na gaban 'yan canji a goshi, aka wuce. Babu wanda ya yi haka da mugunta. Kowa a wurin zai rantse maka yana girmama kiɗan gargajiya, ga shi ma an sa Ɗanƙwairo. Amma marigayin da ke cikin na'ura ya danne rayayyun da ke riƙe da sana'arsa, kuma da yana wurin, na tabbata wajen dattawan nan zai nufa.

Su kansu waƙoƙin da aka naɗa, kada mu ɗauka sun tsira gaba ɗaya. Abin da ke yawo a wayoyi yawanci kwafe ne daga kaset ɗin da shi ma kwafe ne, an yanke farko ko ƙarshe, sautin ya dushe. Masu tura waƙa a kasuwa sukan rubuta sunan da suka ga dama, har ka ga waƙar Sa'idu Faru ko ta Kurna an laƙaba wa Ɗanƙwairo, don sunansa ya fi saye. A TikTok kuwa daƙiƙa 30 ake gutsura a ɗora a kan hoton wani ango ko ɗan takara. Ba laifi ba ne, ta nan yara da yawa suka fara saninsa. Amma waƙar da aka gina ta hawa hawa, daga nasaba zuwa yabo zuwa zambo, in aka ciro ɗa guda aka yar da sauran, an ji daɗin murya ne kawai.

Ko an sami waƙar cikakkiya, akwai abin da faifai ba ya ɗauka. Sunaye nawa ne ke wucewa a waƙa ɗaya, na fadawa da 'yan sarki da garuruwa da dawaki, waɗanda yau ba mai iya ce maka ga su wane ne? Zambon da ya sa fada ta kwashe da dariya a 1970, yanzu magana ce a rufe, domin ba a kama suna ba, kuma waɗanda suka san da wa ake suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Hausar ma kanta Sakkwatanci ce tsantsa, cike da kalmomin doki da yaƙi da noma waɗanda ko a Gusau yaron yau sai ya tambaya. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun yi aiki mai yawa a kan makaɗan wannan yanki, ɗalibai kuma sun rubuta kundaye a Sakkwato da Kano da Zariya. Allah ya saka musu. Sai dai akasarin wannan ilimi yana kan kantocin ɗakunan karatu, mai sauraro kuma yana tasha, ba abin da ya haɗa su.

Ga kuma haƙƙin iyali. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, waƙa na zama mallakar mai ita da magadansa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Ke nan waƙoƙin Ɗanƙwairo suna da masu su har ƙarshen 2061. Amma dubi yadda kowa ke ɗora su a YouTube, ana sa su a tarukan siyasa da bukukuwa, ana yanka su cikin tallace-tallace, kamar kayan tsintuwa. 'Ya'yansa da jikokinsa sun ci gaba da riƙe kotson gidan bayan rasuwarsa, kuma su ne suka fi cancantar cin moriyar wannan farin jini, domin da shi za su iya riƙe 'yan amshi su koyar da na baya. A nan haƙƙin mallaka ba maganar lauyoyi ba ce kawai, maganar ko sana'ar za ta sami abin da za ta ci ne.

Ba na cikin masu cewa a dawo da zamanin En'e don kiɗan fada ya farfaɗo. Wancan zamani ya tafi da alherinsa da sharrinsa. Abin da ke hannunmu ya fi wannan ƙanƙanta, kuma ana iya yin sa. Gidajen rediyon da suka naɗi waƙoƙin nan a Kaduna da Sakkwato su ne wurin farko da za a nemi faifan asali, a juye su cikakku da sunan kowace waƙa da wanda aka yi wa. Masarautun da kakanninsu ke cikin waƙoƙin, in za su iya kashe kuɗi a kan lasifika ranar naɗi, za su iya kashe lasifikar na rabin sa'a su bar masu kotso su yi aikinsu, a kuma sallame su sallamar mutunci. Jami'ar Tarayya da ke Gusau tana da ɗaliban Hausa waɗanda garuruwan nan nasu ne, sun san hanya, sun san dattawan.

Wanda ya fi gaggawa shi ne na dattawan. Waɗanda suka yi amshi a bayan Ɗanƙwairo a shekarunsa na ƙarshe, ko suka zauna a fadodin da ya yi wa waƙa, duk wanda ya rage a cikinsu yanzu tsoho ne. A je a same su, a kunna musu waƙa, a tsayar da ita ɗa bayan ɗa, a tambaye su: wannan wane ne, wannan zambon da wa ake, a ina aka fara rera ta, wa ya kawo wannan kalmar. A naɗi amsar da muryarsu, a ajiye ta tare da waƙar a inda mai waya zai iya samu. Aiki ne na wayar hannu da kuɗin mota da haƙurin zama, kuma wanda duk ya san inda ɗaya daga cikinsu yake zai iya farawa a wannan makon.